Kada Ka Shimfiɗa Tabarma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Goggo ta rasu a Amurka. Can aka yi mata wanka da sutura, can aka sallace ta, can aka binne ta. Mu nan Keffi ko makararta ba mu gani ba. 'Yarta tilo ce ta kira ni ina ofis a Abuja, tana kuka tana haɗa Turanci da guntuwar Hausar da uwarta ta bar mata. Na bar aikin da ke gabana na kamo hanyar gida.

Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga tasha ya san gidanmu na unguwar Liman Abaji. Muna tafe ya waigo ya ce, "Anti, ai mun ji labari. Amma dai kar a shimfiɗa tabarma tukuna ko?" Ya tuntsire da dariya. Na ce ya tsaya. Na sauka na ƙarasa da ƙafa, don in na ci gaba da zama bayansa ban san abin da hannuna zai aikata ba.

A cikin gida ma ban tsira ba. Mace ta farko da ta shigo gaisuwa maƙwabciyarmu ce mai sayar da daddawa, tsohuwar da ta yi wasan ƙasa tare da Goggo. Ta tuɓe takalmi, ta zauna, ta dube ni ta ce, "'Yar nan, wannan karon da gaske ne?" Sai ta kama bakinta da hannu, kunya ta rufe ta. Wata kuma ta ce, "Allah ya jiƙanta, in dai ta mutun." Mata suka yi ƙasa da kai suna danne dariya. Ban ga laifinsu sosai ba, amma wallahi na ji zafi. Mace ta shekara saba'in da wani abu a duniya, ta bar ta, kuma abin da garinsu ya fara yi mata shi ne dariya.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Baba, mahaifina, yayan Goggo uwa ɗaya uba ɗaya. Maza suka taru a ƙofar gida suka tarar babu tabarma, zaure kuma a rufe. Limamin unguwa ya shiga ya same shi. Ina daga bayan ƙofa na ji Baba yana cewa, "Liman, na karɓi gaisuwarta tun tuni, kai ma kana wurin. Ba a karɓar gaisuwar mutum ɗaya sau biyu." Liman ya yi ta ba shi baki, Baba ya ce a bar maganar. Mutane suka ɗan tsattsaya suka watse.

A garinmu, wanda ya mutu ba a shimfiɗa masa tabarma a ƙofar gidan ubansa ba, an nuna ke nan ba shi da kowa. Goggo ba ta da kabari a Keffi. Tabarmar nan kaɗai ta rage mata, kuma Baba ne kaɗai yake da ikon shimfiɗa ta. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, don wanda bai san ta ba ya san ko wace ce ake yi wa dariya.

Tun tana yarinya Goggo makwaikwayiya ce. An ce takan tsaya bayan ɗaki ta yi sallama da muryar Bafillatana mai tallar nono, Kaka, mahaifiyarsu, ta fito da ƙwarya ta tarar ba kowa. Takan yi Hausar 'yan Eggon masu kawo doya kasuwa, ta yi ta Gwandara, ta yi ta malamin makarantarsu mai magana ta hanci. Har karatun Baba takan kwaikwaya, da yadda yake gyara murya kafin ya fara, ya bi ta da gudu tana ihu tana dariya. Kaka ta ce duk gidan ba wanda yake shiga faɗanta kamar shi. In ta tsokano wani a waje, bayansa take ɓuya.

Ta yi makarantar 'yan mata, ta shiga wasan kwaikwayo na talabijin a Jos, ta auri wani malami da ya samu tafiya karatu Amurka. Auren bai yi nisa ba, shi ya dawo, ita ta zauna da jaririya a hannu. Ta yi aikin kula da tsofaffi, ta yi wanke-wanke a gidan abinci, har ta zama Ba'amurkiya a takarda. Tun kafin takardun su kammala ta fara samun shiga finafinai da wasannin talabijin na can. Ba ta taɓa zama tauraruwar da ake buga hotonta a allo ba. Yau nas ce, gobe mai shara a asibiti, jibi uwar wani ɗan gudun hijira. Sunanta can ƙasa yake a ƙarshen fim, inda rubutu yake wucewa da sauri mutane sun riga sun tashi. Amma ta daɗe a sana'ar, kuma akwai abin da suka gane ta iya fiye da kowa. Goggo ta iya mutuwa.

Ita da kanta take faɗa. "Uwata," haka take kirana don sunan Kaka aka sa mini, "su fa biyana suke yi in kwanta in yi shiru, abin da Yaya ya yi shekaru yana nema a wurina kyauta bai samu ba." Ta taɓa nuna mana yadda ake yi a tsakar gida. Ta ce wuyar abin a ido take, ba a numfashi ba, don ido ba ya son zama wuri ɗaya. Ta kwanta kan tabarmar Inna, mahaifiyata, ta saki jiki, cikin ƙiftawa ta zama gawa. Inna ta yi salati ta watsa mata ruwan buta.

Wannan iyawar ce ta raba ta da ɗan'uwanta. Ina 'yar budurwa lokacin, wayar hannu ba ta zo ba. Wani makanike a Sabon Gari, wanda suka yi firamare tare da Goggo, yana zaune a wani otal mai tauraron ɗan'adam sai ya ga fuskarta a talabijin. An shirya wasan ne kamar labarai: 'yan fashi sun shiga kanti, sun harbe mai jiran kantin, ga ta kwance cikin jini, an ja mayafi an rufe ta. Bawan Allah bai tsaya ganin ƙarshe ba. Ya hau babur ya zo ƙofar gidanmu yana haki, ya ce da Baba da gurguwar Hausarsa, "Malam, ƙanwarka ya mutu, na gani da idona, sun harbe shi a labarai." Ba ƙarya ya yi niyya ba, kuka yake yi.

Baba ya tafi shagon da ake buga waya ƙasar waje, ya yi ta gwada lambarta ba ta shiga. Ya dawo ya shimfiɗa tabarma. Da aka gaya wa Kaka, tana tsaye bakin murhu, sai ta yanke jiki ta faɗi, ɓarin jikinta ya shanye. Aka yi ta zuwa gaisuwa daga Nasarawa, daga Akwanga, daga ko'ina. Ranar sadakar uku, ana cikin rabon gumba, mai shagon waya ya zo da kansa ya durƙusa gaban Baba ya ce, "Malam, ƙanwarka tana kan waya, wai a turo mata kuka da daddawa in an samu mai zuwa."

Wani daga cikin mutanen ya kasa riƙe dariya, sauran suka biye masa. Ina leƙe ta zaure na ga Baba ya miƙe, ya naɗe tabarmar da hannunsa, ya shige gida. Kaka ta ji 'yarta tana raye, ta yi murna, amma ba ta sake taka ƙasa ba. Damina na zagayowa ta rasu. Goggo ba ta samu zuwa ba, takardunta ba su kammala ba a lokacin. Baba ya rantse ba zai sake kallon fuskarta a cikin akwatin nan ba, ya sa aka fitar da talabijin daga ɗakinsa.

Da ta samu zuwa bayan shekaru, ina nan ta shiga zaure ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Yaya, ina wuni." Ya ce, "Lafiya lau. Sannu da zuwa, baƙuwa." Ta ce, "Yaya, aiki ne fa. Ban san wani zai gani a nan ba." Ya ce, "Aikin da ya kwantar da uwarmu." Ta daɗe a durƙushe, shi kuma ya mai da idonsa kan littafinsa. Bai kore ta ba, bai hana ta kwana a gidan ba, duk zuwan da ta yi yakan sa a yanka mata kaza. Amma bai sake kiranta da sunan da yake kiranta ba, kuma in zai yi maganarta sai ya ce "goggonku".

Ita kuwa sai ta ɗauko wata dabara da take ganin gyara ce. Ta ce mini masu shirya fim can, in an zo wurin da za ta mutu, sukan ce mata ta faɗi wani abu mai ban tausayi da yarenta. Ba wanda yake jin abin da ta faɗa, su dai su rubuta a ƙasa cewa tana addu'a. "To ni kuwa ina da wanda nake so ya ji," in ji ta. Tun daga nan, duk fim ɗin da za ta mutu a ciki, likita Bature yana riƙe da hannunta, kiɗan baƙin ciki yana tashi, sai ta ɗaga ido ta ce da Hausar Keffi tsantsa, "Yaya, wasa ne, kada ka shimfiɗa tabarma." Sannan ta saki kai.

Da wayar hannu ta cika gari, samari suka tsinto wuraren nan suka yanka suka haɗa, suka yi ta tura wa juna. Maganar ta zama abin faɗa a Keffi. In aka ci ƙungiyar mutum ƙwallo a gidan kallo, sai ya ce kada a shimfiɗa tabarma. In keke Napep ya mutu a kan hanyar Sabon Gari, direba ya faɗa wa fasinjoji haka. Baba yana ji a kasuwa, yana ji a ƙofar masallaci, yara ba su ma san da shi ake ba. Shi a ganinsa ƙanwarsa ta mai da ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa abin nishaɗin Turawa da 'yan acaɓa.

Na kira ta na gaya mata, kuma ban tauna maganar ba. Na ce ta daina, tana ƙara masa ciwo ne. Na ƙara da abin da ya daɗe yana cina: me ya sa kullum ita ce mai shara, ita ce gawa? Ba ta gaji da kwanciya a ƙasa Turawa suna tsallake ta ba? Sai ta ce, "Uwata, da kwanciyar nan na yi wa 'yata makaranta. Ke kina zaune a ofis mai sanyi, Allah ya ƙara miki. Maganar Yaya kuma, in na daina, wata rana wani zai sake zuwa masa a guje. Gara ya ji haushina da ya sake zama a ƙofar gida saboda ƙarya." Muka rabu ba daɗi, muka ɗauki lokaci ba ma kiran juna. Har yau ina ganin da ta daina ɗin da ya fi. Taurin kai iri ɗaya gare su ita da shi.

Amma ba zan manta abin da ta yi mini ba lokacin da ɗana na fari ya koma, yana da 'yan watanni. Ta zo hutu a lokacin. Mata suka cika ɗakina, kowace ta shigo sai ta ce in yi haƙuri, in daina kuka, ana ƙona yaro da hawaye. Goggo ta dube ni, ta tashi ta kore su tsakar gida cikin dabara, ta sunkuyo ta ce mini, "Yi kukanki, ni zan tsare ƙofa." Ta zauna a bakin ƙofar ta hau ba su labarin Amurka, tana kwaikwayon tsofaffin Turawan da ta yi wa aiki, yadda suke kiran karnukansu da yadda suke cin abinci. Ba wadda ta sake tunawa da ni. Na yi kuka har na gaji. Da yamma ta shigo na ga idanunta sun kumbura, ashe tana ba su dariya tana juya baya tana share nata.

Wannan ce matar da aka ƙi shimfiɗa wa tabarma. Ranar uku ta zo ta wuce, mu mata muka yi 'yar sadakarmu a cikin gida kamar masu ɓoye abin kunya. Na shiga wurin Baba na yi masa magana, na ɗaga murya irin yadda ban taɓa yi ba. Ya bar ni na gama, ya ce, "Kin gama? Ja mini ƙofar." Na fito ina jin na tsane shi, ina kuma jin tausayinsa, don na ga abincin da aka kai masa tun safe yana nan a rufe.

Bayan 'yan kwanaki 'yar Goggo ta turo mini wani guntun fim a waya. Ta ce shi ne aikin uwarta na ƙarshe, an ɗauka tana cikin jinya, ba a ma nuna shi ba tukuna. Goggo ta ɓoye wa masu fim ɗin ciwonta, ta ɓoye mana mu ma. Yarinyar ta ce ta san maganar da uwarta ta saba faɗa, amma wannan kamar ta bambanta, kuma Hausarta ba ta kai ta gane ba. Ta roƙe ni in fassara mata.

Na buɗe. Goggo ce a gadon asibiti, ta rame har ƙasusuwan fuskarta sun fito, kuma na san wannan ramar ba kwalliya ba ce. Wata Baturiya tana riƙe da hannunta. Ta ɗaga ido kamar kullum, ta gyara murya irin gyaran da Baba yake yi kafin karatu. Sai ta ce, "Yaya, in labari ya zo maka bayan wannan, ka shimfiɗa. Ka yafe wa autarka." A ƙasa an rubuta da Turanci wai tana addu'a.

Na fassara wa 'yarta, muka yi kuka tare. Sannan na ɗauki wayar na nufi zaure. La'asar ta wuce. Na ce, "Baba, ga saƙo daga Goggo." Ya ce ya rantse ba zai kalle ta a cikin abin nan ba. Na ce, "Kallo ka rantse a kai, ba ji ba." Ya dube ni kamar zai zage ni, sai ya juya ya fuskanci bango, ya ba ni baya. Na kunna.

Da gyaran muryar nan ya fito na ga kafaɗarsa ta motsa. Maganar ta ƙare, kiɗan Turawa ya ci gaba, na kashe. Ya ce, "Sake." Na sake. Sannan ya tambaye ni, har yanzu yana kallon bango, "Ba ta ce wasa ne ba?" Na ce, "Ba ta ce ba, Baba."

Ya dafa ƙasa ya miƙe. Akwai tsohuwar tabarma a jingine bayan ƙofar zauren, ya ɗauko ta. Na kai hannu zan karɓa ya ture hannuna. Ya fita ƙofar gida ya shimfiɗa, ya bi gefunanta yana dannawa don ta daɗe a naɗe ba ta son kwanciya, ya zauna shi kaɗai.

Ba kowa. Masu zuwa gaisuwa sun zo tun kwanakin baya sun tarar da ƙofa a rufe sun koma harkokinsu. 'Yan acaɓa suna wucewa, wasu suna waige. Ina tsaye cikin zaure ina addu'a kada wani ɗan iska ya buɗe baki ya faɗi maganar nan, don da na fita da taɓarya. Ba wanda ya faɗa. Can sai ga wani dattijo mai sayar da goro, baƙo ne a unguwar, bai san komai ba. Ya ga tsoho a kan tabarma ya tsaya ya ce, "Malam, lafiya dai?"

Baba ya ɗago kai. Ya gyara murya, ya ce, "Ƙanwata ce ta rasu."

Mutumin ya ajiye farantinsa, ya tuɓe takalmi, ya zauna ya ɗaga hannu. Rabon da in ji Baba ya ce "ƙanwata" tun ina budurwa, kuma wadda ta yi shekaru tana jiran ta ji kalmar tana kwance a wata ƙasa da ba wanda zai je mata ziyara daga cikinmu. Wannan ne yake hana ni barci har yanzu.

Allah ya jiƙan Goggo, ya haskaka kabarinta a can inda take baƙuwa, ya yafe mata, ya yafe wa yayanta. Wanda ya karanta wannan, in ya saba faɗin maganar nan don wasa, ina roƙonsa ya bar ta haka, ya yi mata Fatiha a madadinta. Baba yana nan ƙofar gida kullum bayan la'asar, bai naɗe tabarmar ba tukuna.